Sabon Yashi a Tsakar Gidan Umma

SHAFI NA 31

Masu cika mini waya da saƙon "wai ina Malama ta shiga", ga ta nan. Ba jan aji nake yi ba, shafin ne ya ƙi rubutuwa, sau uku ina gogewa. Wanda yau ya fara shigowa ya gyara zama, ba zan bar shi a duhu ba.

*

Ƙarfe goma na safe Malama ta sauka a bakin layinsu, takardar sakamakon gwajin tana naɗe a hannunta har ta jiƙe da gumi. Sati uku ke nan rabonta da gida. Tun ranar da 'yarta ta sanƙare mata a hannu aka kwashe su sai asibiti, ba ta sake taka unguwar ba.

Yarinyar shekararta uku da rabi. Rediyo ake ce mata saboda surutu, don in ta buɗe baki da safe sai barci ne ke kashe ta. Yanzu kwana ashirin ke nan ko "Mama" ba ta ce ba. Likita ya ce gubar dalma ce ta cika mata jini.

Kowa ya san inda dalmar take fitowa. Ga bututun masana'antar narka tsofaffin batura can a bayan katangar makarantar da Malama take koyarwa, yana ta aman hayaƙi a kan rufin mutane. Wata takwas aka kwashe ana zaman sulhu tsakanin unguwa da kamfanin, Malama ce bakin unguwa. An yi cacar baki, an tashi baram-baram, an dawo, daga ƙarshe aka tsaya a kan magana ɗaya. A ɗebi ƙasar tsakar gida biyar a kai ɗakin gwaji. In an sami dalma, kamfani ya kashe tukunyarsa ya kwashe ta daga cikin mutane. In ba a samu ba, unguwa ta janye ƙorafinta har abada.

Jiya sakamakon ya fito. Wai ƙasar lafiyarta ƙalau.

Yau ƙarfe biyu za a sa hannu.

Ta yi sallama ta tura ƙofar gidan mahaifiyarta, inda take zaune tun rasuwar mijinta. Taku biyu ta yi ta tsaya.

Ƙafarta ce ta riga idonta ganewa. Tsakar gidan nan ta san shi kamar yunwar cikinta. Ƙasa ce baƙa mai tauri, in ana shara toka-toka take tashi ta maƙale a maƙogwaro. Yau kuwa takalminta nutsewa ya yi cikin wani abu mai laushi. Ta duba. Yashi ne fari tas, shimfiɗe daga bakin ƙofa har gindin famfo.

Umma ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zani.

"Auta, ke ce? Ya jikin mutuniyar tawa? Ta yi magana?"

"Ba ta yi ba."

"Allah Ya ba ta lafiya. Shigo mana, kin tsaya kamar baƙuwa."

"Umma, wannan yashin fa?"

Sai fuskar tsohuwar ta washe. Tun da jikarta ta kwanta ba a ga haƙoranta ba sai yanzu.

"Kin ga yadda gidan ya fito ko? Ai ba kya nan aka yi. Yayanki ne ya ce mini manyan baƙi za su shigo, mutanen hukuma har da masu ɗaukar hoto. Na dubi tsakar gidan nan na ce, yanzu a haka za su same mu, baƙi ƙirin kamar gidan mai gawayi? A ce nan ne gidan su Malamar da take magana a gaban manya? Ai kunyar taki ce."

"Yaushe aka zuba?"

"Ana jibi za su zo. Tifa guda ya kawo. Ni da matar mai wanki muka yi ta baza shi har bayana ya ƙage. Muka yayyafa ruwa muka daddanne, kada ya yi kama da sabo a ce don su muka yi."

Malama ta matso kusa da ita.

"Gida nawa aka kai wa?"

Umma ta shiga lissafi da yatsu.

"Mu. Gidan mai wanki. Gidan direba. Gidan matar nan mai kaji. Sai gidan mai gyaran rediyo. Biyar ke nan. Sauran maƙwabta har haushi suka ji, wai an nuna son kai."

Malama ta dafa bango.

Gidajen nan biyar mutum uku ne kaɗai suka san su: ita, da Manajan kamfanin, da tsohon alƙalin da hukumar muhalli ta naɗa ya sasanta su, wanda kowa ke kira Mai Sulhu. Ita ce ta kafe a kan a ɓoye sunayen, don kada wani ya taɓa wurin. Ko Umma ba ta faɗa wa ba. Ita ce kuma ta kafe a kan a kankari ƙasar sama kawai, zurfin ɗan yatsa, don ita yara suke wasa da ita su kai baki. Ranar da aka zo ɗiba Rediyo tana kan gadon asibiti tana fizge-fizge, sai ta tura Tela, mataimakinta a kwamitin unguwa. Shi kuwa da ya dawo har yabawa yake, wai gidajen sun yi fes, ba a ji kunya ba.

Masu shirin zagin Umma a ƙasan shafin nan ku dakata. Ni ban ga laifinta ba. Matar da ta yi shekara sittin ba ta taɓa barin baƙo ya tarar da tsintsiya a yashe ba, ba a rana ɗaya za ta koyi cewa dattin gidanta shi ne shaidarta ba.

Malama ta wurgar da jaka, ta janyo shebur daga bayan randa ta kafa shi a tsakiyar gidan.

"Ke Auta, mene ne haka? Za ki ɓata mana aikin?"

Malama ta danna shebur ɗin da ƙafa. Sau uku ta haƙa kafin farin ya ƙare. Taƙi guda na yashi, sannan ga ta nan a ƙasa, baƙar ƙasar da Rediyo ta yi rarrafe a kanta, ta koyi tafiya a kanta, ta riƙa cusa ta a baki ana ƙwacewa ana dariya.

Ƙofar ɗakin da ke gefe ta yi ƙara.

Yaya ne ya fito, rigar aikinsa rataye a kafaɗa. Shekararsa goma sha huɗu yana kula da tukunyar narka dalma a kamfanin. Da ya ga ramin, ya ga shebur a hannun ƙanwarsa, sai ya tsaya cak. Bai tambayi komai ba, wannan ya ishe ta amsa.

"Umma, shiga ciki," in ji shi.

"Babu inda za ta. Ai da bayanta aka yi aikin, ya kamata ta ji abin da ta binne."

"Auta, ki yi a hankali."

"Wa ya ba ka yashin, Yaya?"

"Kyauta ce. Kamfani yakan yi wa unguwa..."

"Wa ya ba ka sunan gidajen?"

Ya kawar da kai.

"Unguwar nan gida ɗari biyu ne da wani abu. Tifarka ta tsallake kowa ta tsaya a biyar. Biyar ɗin da ni kaina ban faɗa wa uwar da ta haife ni ba. Wa ya ba ka?"

Ya zauna a bakin baranda. Hannuwansa suna rawa, amma wannan ba sabon abu ba ne, shekara uku ke nan ba ya iya kai kofin shayi baki sai ya zubar.

"Manaja ne ya kira ni ofishinsa."

"Ka san abin da ake nufi da shi?"

"Da farko ban sani ba."

"Daga baya fa?"

"Da ya miƙo mini takardar na ga gidanmu a sama, na gane."

"Ka gane, ka ɗauko."

"Na ɗauko."

Umma tana kallon wannan tana kallon wancan.

"Wai me kuke faɗa ne? Yashi ne fa. Yashi laifi ne?"

Malama ta juyo, muryarta ta yi ƙasa.

"Umma, baƙin nan ba gidanki suka zo gani ba. Ƙasar suka zo ɗiba, su gwada su ga gubar da ta kwantar da jikarki. Sun ɗebi yashin da kika baza, sun ce babu guba. Yau za a rufe maganar, tukunyar za ta ci gaba da ci."

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Ta kalli tafin hannunta, har yanzu akwai kantar da baro ya yi mata. Sai ta sulale ta zauna a kan yashin, ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙin gani.

Malama ta koma kan Yaya.

"Tashi ka sa riga. Ƙarfe biyu za ka tsaya a gaban Mai Sulhu ka maimaita abin da ka faɗa yanzu."

"Ba zan iya ba."

"Aikin kake tsoro? Aikin da ya cinye maka hannu? Cikin matarka nawa ya zube, Yaya? Uku ne ko huɗu?"

"Kada ki sako ta."

"Yara arba'in da ɗaya ne a layin nan likita ya gwada ya ce jininsu ba daidai yake ba. Wasu a cinyarka suka girma."

"Na ce ba zan iya ba."

"To ni zan faɗa."

Ya yi wata dariya mara daɗi.

"Ki faɗa. Kin manta sharaɗi na bakwai? Ke kika rubuta shi da hannunki, har kina karanta mana a nan kina jin daɗi. Duk ɓangaren da ya taɓa ƙasar gidajen nan kafin a ɗiba, shi ya faɗi. Wa ya baza yashin? Manaja aka gani da baro, ko Umma?"

Maganar ta daki ƙirjinta. Gaskiya ya faɗa. Ta sa sharaɗin ne don ta ɗaure kamfani, ga shi ya dawo wuyanta. In babu wanda zai tsaya ya ce kamfani ne ya aiko da yashin, to a takarda unguwa ce ta taɓa wurin.

"Shi ya sa nake buƙatar bakinka."

"Auta." Ya ɗago, idanunsa jawur. "Maganin da ake ba Rediyo, wanda yake zuƙe dalmar daga jininta. A ina kike tsammanin yake fitowa?"

"Nas ta ce wani bawan Allah ne yake kawowa."

"Asibitin ba su da shi. Kin zaga kantin magani nawa kika rasa? Kamfani ne yake shigo da shi saboda ma'aikatansa, yana kulle a asibitinsu na ciki. Duk ranar Laraba Manaja yake ba ni na sati ɗaya. Na sati ɗaya tak, ba ya ƙarawa. Ni nake kai wa nas ɗin na roƙe ta kada ta faɗa miki."

Malama ta saki shebur ɗin, shi kuma ya ci gaba.

"Ranar da ya ba ni takardar gidajen, a kan tebur ɗaya ya ajiye ta da kwalin maganin na farko. Bai ce mini komai ba. Ba sai ya ce ba."

"Saura sati nawa ta gama?"

"Likita ya ce huɗu. In aka yanke a tsakiya..."

Bai ƙarasa ba. Yau Talata.

Ta daɗe tana kallonsa. Wannan ne ya goya ta zuwa makaranta ranar da ta taka ƙusa. Ta so ta tsane shi, ta nemi tsanar a zuciyarta ta rasa, sai wani baƙin ciki mai nauyi.

Ta shiga kicin ta ɗauko kwalabe biyu da aka wanke. Ta cika ɗaya da farin yashi, ɗaya da baƙar ƙasa, ta jefa su a jaka.

"Auta, ki yi wa Allah ki sa hannun nan ki dawo wa 'yarki," in ji Yaya.

Ta fita ba ta waiwayo ba.

*

Ƙarfe biyu saura kwata ta sami Mai Sulhu a barandar bene na biyu na ofishin hukumar, yana tsaye yana goge tabarau. Dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya. A wata takwas ɗin nan bai taɓa nuna inda zuciyarsa ta karkata ba, har Tela yakan ce ko matarsa ba ta san abincin da yake so ba.

"Ranka ya daɗe, ina son magana da kai mu biyu."

"Dokar zamanmu ta ba ki wannan. Abin da kika faɗa mini a nan ba zai shiga ɗakin can ba sai da izininki."

Ta faɗa masa komai. Yashin, gidajen biyar, maganin. Bai katse ta ba. Da ta gama sai ya yi abin da ya saba yi, ya maimaita.

"Abin da na ji kin ce shi ne, an rufe ƙasar da yashi, kin san wanda ya aiko, amma shaidarki ba zai yi magana ba. In kuma ya yi, maganin 'yarki zai tsaya. Haka ne?"

"Haka ne."

"'Yata, da ina kan kujerar alƙalanci da na san abin yi. Yanzu ba ni da sanda. Ban isa in hukunta kowa ba, abin da kuka rubuta da hannunku shi yake ɗaure ku. In kin shiga kin yi shiru, zan miƙa miki biro. In kin ta da maganar yashi, dole in tambayi wanda ya zuba, kuma duk amsar da aka ba ni da ita zan yi aiki."

"Kai me za ka yi in kai ne?"

Ya mayar da tabaransa.

"Wannan ita ce tambayar da ba a yarda in amsa ba. Amma zan sa a nemo maganin ta wata hanya. Ba zan yi miki alkawarin gobe ba, don ban san inda yake ba."

Ɗakin taron yana nan yadda ta bar shi. Dogon tebur, fanka mai ƙara, robobin ruwa da babu mai taɓawa. A ɓangare ɗaya Lauyan kamfani da Manaja, wanda yake ta juya makullin mota a yatsa. A ɗaya ɓangaren Tela, ya sha farar riga, ya yi zuru kamar wanda aka kawo gaisuwar mutuwa.

"Malama, mun faɗi ko?" ya raɗa mata. "Me zan je in ce wa mutane?"

Mai Sulhu ya buɗe zama. Ya karanta sakamakon, ya karanta yarjejeniyar sharaɗi bayan sharaɗi. Lauya ya sa hannu a madadin kamfani, ya turo takardar a hankali har ta tsaya a gabanta.

"Kafin wakiliyar unguwa ta sa hannu," in ji Mai Sulhu, "tana da abin cewa?"

Biron yana hannunta. Ta ga fuskar Rediyo a kan matashin asibiti, leɓenta yana motsi babu sauti. Ta ga layin ɗalibanta na aji ɗaya, waɗanda bana rabinsu ba sa iya riƙe abin da aka koya musu jiya, ana ta dukansu a gida wai ba su da kai. In ta sa hannu, 'yarta za ta sha magani ta warke, ta dawo gida ta zauna a ƙarƙashin bututun nan.

Ta ajiye biron. Ta buɗe jaka ta dire kwalaben biyu a tsakiyar tebur.

"Wannan farar ita aka gwada. Wannan baƙar ita ce ƙasar gidanmu. Taƙi ɗaya ne tsakaninsu. An zuba yashi a gidajen nan biyar ana jibi za a zo ɗiba, kuma kamfani ne ya aiko da shi."

Tela ya dafe kai. Makullin Manaja ya daina juyawa.

Lauya kuwa ko gezau. Ya gyara zaman hularsa, ya yi murmushi irin na wanda aka kawo masa abin da ya yi oda.

Mai Sulhu ya ce, "Abin da na ji kin ce shi ne, an taɓa wurin kafin ɗiba, kuma kina ɗora wa kamfani. Ɓangaren kamfani, me kuka ce?"

"Ranka ya daɗe, mun gode wa Malama," in ji Lauya. "Da bakinta ta tabbatar an taɓa wurin, mu ba mu musa ba. Ɗazu da rana wani ma'aikacinmu mai amana ya kira ya sanar da mu za a zo da wannan zancen. Saura a san wanda ya taɓa, sai sharaɗi na bakwai ya yi aikinsa. Don kada a ɓata lokaci, mun aika mota ta ɗauko wadda ta zuba yashin da hannunta."

Malama ta juya ta kalli ƙofa.

Masinja ya buɗe ƙofa.

Yaya ne ya fara shigowa, kansa a ƙasa. A bayansa Umma, ta yafa mayafinta na fita unguwa, tana takawa a hankali saboda bayan da ya ƙage. A bakin ƙofa ta tsaya ta cire takalmanta ta jera su, duk da babu wanda ya cire nasa. Ta rusuna ta gaida Mai Sulhu, ta gaida Lauya, ta gaida Manaja, har ta tambaye shi iyali.

Malama ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, tsohuwa ce, ba ta san..."

"Zauna, 'yata. Ke kika buɗe ƙofar nan, ba ni da ikon rufe ta." Ya juya. "A ba Baba kujera."

Umma ta zauna a gefen kujerar, ta haɗa hannuwanta a cinya.

"Baba, tambaya ɗaya zan yi miki, amma sai na faɗa miki nauyinta, don ba na karɓar magana daga wanda bai san abin da za ta jawo ba. In kin ce ke kika ga dama kika nemi yashi kika zuba, unguwarku ta faɗi, tukunya za ta ci gaba da aiki a inda take. In kin ce aiko muku da shi aka yi daga kamfani, kamfani ya faɗi, kuma wanda ya ɗauko shi zai amsa tambaya a gaban hukuma. Kin gane?"

"Na gane, ranka ya daɗe."

"To wa ya kawo yashin, kuma wa ya aiko shi?"

Fanka tana ta ƙara. Manaja ya ciro wani ƙaramin farin kwalin magani daga aljihu ya ajiye kusa da makullinsa, ya gyara masa zama da ɗan yatsa, idonsa a kan tsohuwar.

Umma ta kalli kwalin. Ta kalli ɗanta da yake tsaye a jikin bango. Ta kalli 'yarta. Sannan ta mayar da idonta kan Mai Sulhu.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba, amma ban taɓa yin ƙarya a gaban manya ba, kuma ba yau zan fara ba. Sai dai ka faɗa mini nauyi biyu, ka bar ɗaya."

"Wanne na bari, Baba?"

Ta nuna kwalin da haɓa.

"Wancan. In na faɗi abin da na sani, gobe Laraba wa zai kai wa jikata?"

Mai Sulhu ya buɗe baki, a karo na farko cikin wata takwas bai sami abin maimaitawa ba.

Lauya ya tura biro gaban Malama.

"Har yanzu kina iya sa hannu," ya ce a hankali, "kafin ta amsa."